Za a Hau

Baba magini ne, irin na da, mai tubali da azara. A gida maganarsa ƙasa-ƙasa ce, har Inna takan ce masa ya ɗaga murya, ba da aljanu yake zance ba. Amma ranar da ya jingina tsani a jikin soron wani, kafin ya ɗora ƙafa a kan matakin farko sai ya cika ƙirji ya ce, “Maƙwabta, za a hau!” Sau uku yake faɗa, yana juya fuska gabas da yamma, sannan ya tsaya ya jira kamar tsawon alwalar mutumin da ba ya sauri.

A garinmu gida jikin gida yake, gona kuma jikin katanga. Tsakar gida ba rufi, banɗaki ba rufi. Duk wanda ya hau soro ɗaya, gida huɗu ko biyar yake gani har cikin tukunyarsu. Shi ya sa ake wannan kira, don mai wanka ta ƙarasa, mai daka da ɗaurin ƙirji ta jawo mayafi. In Baba ya gama aiki ya taka ƙasa, sai ya sake ɗaga murya ya ce, “An sauko!” kowacce ta koma harkarta. Na ga magina da yawa suna yin na farkon su manta da na biyun. Shi bai taɓa mantawa ba, ya ce wanda ka sa ya shiga ɗaki, haƙƙinsa ne ka gaya masa ya fito.

Yana ɗingisa ƙafar hagu. Tun kafin a haife ni ya samo wannan, a wani soro da yake wa yaɓen makuba don kada ruwa ya ci shi. Hadari ya taso, ya ga iska ta canza, amma mai gidan yana ƙasa yana roƙonsa ya ƙarasa kusurwar da ta rage kada ruwa ya ɓata aikin. Ya tsaya ƙarasawa, iska ta ka da tsanin, shi kuma santsi ya kwashe shi wajen neman hanyar sauka. Daga nan ya samo maganar da ya ishe mu da ita muna yara, ko da bishiyar mangwaro ɗayarmu ta kalla: shawarar saukowa a ƙasa ake yin ta, in ka riga ka hau zuciya ce ke magana, ita kuwa kullum “saura kaɗan” take cewa.

Mu huɗu ya haifa, duk mata. Ni ce ta biyu, ni na ci sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kirana. Kafin mu girma mutane sun koma bulo da kwano, tsanin ya koma rataye a zaure, Baba ya riƙe gonarsa da ke gabas da gidaje. Bai taɓa cewa yana baƙin cikin rashin magaji ba, amma na sha ganinsa yana shafa tsanin nan in zai wuce. A wajensa mutane kashi biyu ne: mai sana'a da mai neman abinci. Maƙeri mai sana'a ne, haka majemi, haka mai haƙar rijiya. Ma'aikacin ofis kuwa, ko da kwat yake kwana, mai neman abinci ne. Kalmar nan tana da tsada a bakinsa, kuma tun ina yarinya nake kwaɗayinta.

Na karanta aikin gona, na samu aiki a birni da wani kamfani mai duba gonaki da yi musu feshi da jirgi maras matuƙi. Sun koya mana tuƙi wata da watanni, na ci jarrabawa, aka ba ni takarda. Na kawo wa Baba ita da ɗokina. Ya juya ta gaba da baya, ya sa mini albarka, sannan ya ce, “To Uwata, an ce jirgin ba shi da matuƙi. Ke aikin me kike yi a wajen?” Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Daga ranar in wani ya tambaye shi me nake yi a birni, sai ya ce ina wasa da wata fanka mai tashi, kuma ana biyana.

Wata damina ya kira ni a waya ya ce tsutsa ta shiga masararsa, irin mai shiga cikin kunnen masara ta cinye zuciyar. Na ce abin nema ya samu. Ranar Asabar na iso da ƙaramin jirgi mai kyamara don in ga yadda ɓarnar ta bazu kafin a yi maganar feshi.

Akwai takarda da muke bi kafin kowane tashi, an lulluɓe ta da leda, ina rataye ta a wuya. Na bi ta layi-layi don Baba ya gani. Na duba batir, na shafa kowace farfela ko akwai tsagewa, na auna iska, na zagaya na ga inda wayar wuta ta bi da inda ɗorawar nan ta bakin gona ta miƙa reshe. Na kalli sama ko akwai shirwa, don ba ta ƙaunar ganin abin. Na sa mutane suka ja baya. Komai daidai. Na ta da jirgi, ya yi sama da ƙugi, maza kuwa suka taru a bayana suna leƙen allon da ke hannuna ta kan kafaɗata, har da kawuna, ƙanen Inna, wanda bakinsa ba ya shiru ko a gidan makoki.

Na gama kewaya gona, na juyo da shi. Don in ba ɗorawa hanya sai na ɗan zagayo ta kan gidaje. A allon nan tsakar gidan Gwaggo ta fito tar. Gwaggo yayar Baba ce, katangar gidanta ita ce iyakar gonar. Ga surukarta a bakin rijiya tana wanki da ɗaurin ƙirji, ta ɗaga kai, ta saki guga, ta ruga ɗaki. Abin bai fi ƙiftawar ido biyu ba. A bayana wani ya yi gyaran murya, har kawuna ya kawar da kai.

Baba bai yi mini magana a gaban mutane ba. Sai da muka shiga zaure ya tambaye ni, a cikin takardar nan ta wuyana ina aka rubuta a gaya wa maƙwabta. Na ce ba a rubuta ba. Ni kuwa da taurin kai, na ƙara da cewa ai ni mace ce, maza ake wa wannan doka, mace in ta ga mace me ya ɓaci? Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kunya ta kama ni.

“Ita da ke ƙasa ta san ke ce?” ya ce. “Kuma idanu nawa ne a bayanki? Na yi shekaru ina hawa, ban taɓa hawa da mutum goma a kafaɗata ba. Yau 'yata ta hau da su, ba sallama.”

Ban taɓa jin raina ya yi ƙanƙanta kamar ranar ba. Na zo in nuna masa ni ma mai sana'a ce, na ɓuge da yin abin da ko sabon ɗan koyo ba ya yi. Ya sa ni gaba har gidan Gwaggo. Na durƙusa na ba surukarta haƙuri, na goge hotunan a gaban idonta. Gwaggo ta ce ita ba ta ga laifina ba, laifin ubana ne da ya haifi shirwa bai sanar ba. Ta cika mini leda da kuɓewa busasshiya ta ce in tafi. Da na dawo gida na zare takardar daga ledarta, na rubuta “Za a hau” da biro a can sama, gaban maganar batir, na rubuta “An sauko” a ƙarshe.

Tsutsa dai ba ta jira kowa ya gama jin kunya. Na roƙi shugabana a wajen aiki, ya ce ranar Laraba motar da ke kai babban jirgin feshi wani aiki a wajen Gezawa za ta iya tsayawa a garinmu, amma daga safe zuwa azahar kawai, don abokin aikina yana can yana jiransa. Na ɗauki hutun kwana huɗu na taho tun Talata.

Da la'asar muna zaune a tabarma Baba ya yi mini tambayar da ban zata ba. Bai tambayi yadda jirgin ke tashi ba, cewa ya yi in me ya faru zan sauko. Na lissafa masa: in batir ya yi ƙasa, in mutum ko dabba ta shiga gonar, in kuma iska ta juya ta fuskanci gidaje. Na yi masa bayani cewa da damina iskar safe daga yamma take zuwa, za ta tura feshin can cikin gona, nesa da katanga. In ta juya ta taso daga gabas, maganin zai bi ta ya sauka a tsakar gidajen mutane. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, an yi shawara a ƙasa. Na kwana da daɗin wannan madallar.

Da aka idar da sallar asuba bai dawo gida ba. Gida-gida ya bi da ɗingishinsa, yana tsayawa a kowace ƙofa yana cewa za a hau, a rufe rijiya, a kwashe shanya, a ɗaure awaki, yara su zauna a ɗaki. Ina jiyo muryar daga tsakar gidanmu, muryar aikin nan da na daɗe ban ji ba. Da hularsa ta zuwa biki ya fita, Inna ta ce rabon da ta ga ya sa ta tun bikin autarmu.

Motar ta iso tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Ni da direba muka sauke jirgin, abu kamar ƙaramin gado mai hannuwa. Na kafa sanda a bakin gona na ɗaura mata ƙyallen tsohon ɗankwalin Inna don in riƙa ganin inda iska ta nufa. Na sa safar hannu da takunkumi, na haɗa magani, na cika tanki. Na tsaya ta wajen katangar Gwaggo, iska tana bugun bayana, maza kuma na jera su can gefe inda ba mai leƙen allo. Jirgi ya tashi, ya yi ƙasa-ƙasa a kan masara, yana bin kunya-kunya, ganye yana kwanciya a ƙarƙashinsa. Na saci kallon Baba. Ya harɗe hannu a baya, ya ɗan buɗe baki, yana bin jirgin da ido yadda yake bin layin gini. Tankin farko ya ƙare lafiya, na sauke, na canza batir, na sake cikawa.

Ina tsakiyar tanki na biyu na ji warin magani ta cikin takunkumi. Bai kamata in ji shi ba a inda nake. Na kalli sanda, ƙyallen Inna ya juyo yana nuna ni, yana nuna katangar da ke bayana. Can gabas, ƙasan sama ya fara yin baƙi. Na'urar auna iska ta ce ƙarfinta bai wuce ƙa'ida ba, kuma wallahi zuciyata ta kama wannan ta riƙe: ai ba ta yi ƙarfi ba, ai layi shida ne suka rage a tankin nan, ai kowa yana ɗaki. Na kashe feshin, na dawo da jirgin, na ajiye shi a kan tabarmar da muka shimfiɗa masa. Haushi ya cika ni.

Kawuna ne ya fara magana, ya tambaya ko mai ne ya ƙare. Da na ce iska ce ta juya, sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce shi bai ji wata iskar da za ta ka da ko kaza ba. Aka yi dariya. Wannan bai dame ni ba, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Abin da ya dame ni shi ne Baba da ya tako ya tsaya kusa da ni, ya yi magana da muryarsa ta gida don kada kowa ya ji.

“Uwata, an rufe rijiyoyi, an kwashe shanya. Da kaina na bi. Saura kaɗan.”

Na san abin da ke cikin gonar nan. Abincin shekara ne, takin da ya yi ta jida da jaki tun rani ne, kuma ga mutanen da ya tasa da asuba ya ce su zo su ga aikin 'yarsa. Na kuma san murfin rijiyar Gwaggo, wani tsohon kwano ne da ƙusa ta huda ta ko'ina. Na san kwamin awakinta a waje yake, na san jikokinta ba sa iya zaman ɗaki na awa guda. In na ƙi, na kunyata shi a gaban jama'a karo na biyu cikin mako ɗaya. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafarsa ta hagu na kalla.

“Baba, jiya a kan tabarma na faɗa maka,” na ce. “Ba zan tashi ba sai ta koma.”

Ya daɗe yana kallon ƙyallen, sannan ya koma gindin ɗorawa ya zauna. Na aika a gaya wa mata su fito su ɗora girki amma su bar rijiyoyi a rufe, in za a sake tashi za a sanar. Muka yi ta jira. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa. Kawuna kafin ya tafi ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Iska ta ƙi komawa, hadarin ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Da aka kira azahar direba ya dube ni, na dube shi, muka juye sauran maganin a jarka, muka ɗora jirgi a mota.

Da a ce labari nake ƙirƙira, da sai in ce an sheƙe da ruwa kowa ya ga gaskiyata. Ko ɗigo ba a yi ba. Motar ba ta daɗe da shan kwana ba iska ta kwanta, ƙyallen ya saki jiki kamar bai taɓa motsi ba. Kwana biyu muka yi ni da Baba muna bin sauran gonar da injin feshi na goyo, shi da ɗingishi, ni da kafaɗar da ba ta saba ba, kuma ba mu riski ƙasan gonar da wuri ba. Da kaka ɓangaren nan bai yi abin kirki ba. Na ga rumbun da idona, ba sai an gaya mini ba.

Amma ranar Larabar nake ba da labari. Baba ya taso daga gindin ɗorawa ya wuce gaba, ina binsa a baya da jarka. A ƙofar gida na zaci zai shiga, sai na ga ya zarce. Na shige na wanke hannu da fuska, na zauna kusa da Inna a bakin murhu. Ta miƙo mini ruwa ta ce in sha, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ce ta bar ni, yau na gama zubar da mutuncina a wajen Baba, daga yanzu ko fankar ma ba zai ƙara ambata ba.

Sai muka jiyo shi daga can farkon layi: “An sauko!” Ya matso gida na gaba ya sake faɗa. Haka ya yi ta bi, muryar tana ƙara kusantowa, har ya iso ƙofar Gwaggo, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu. Muka ji ta fito tana jan takalmi, tana tambaya har an gama ke nan, ita ta ji ƙugin ya ɗauke tun da hantsi, ko abin ne ya lalace. Kawuna, wanda ashe yana zaune a dakalinta, ya ce ai jirgin ne ya ƙi tashi.

“Lafiyar jirgi ƙalau,” in ji Baba, da muryar aiki, ba ta gida ba. “Ba a gama ba. Mai sana'ar ce ta duba ta ce iska ba ta yi ba. Buɗe rijiyarki, Yaya.”

Inna ba ta ɗago daga tsince shinkafar da take yi ba, ta dai ce, “Kin ji.” Na ji. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Da Baba ya shigo ya same ni a haka, bai tambayi dalili ba. Ya cire hularsa ya rataye, ya ce in tashi in ci abinci, gobe da sassafe akwai goyon inji, kuma ni zan duba mana iska kafin mu fara.